Tankin Mai Ya Yi Yoyo a Ƙarƙashin Ƙasa: Da Wace Hanya Za a Bi Sawun Man?

Tankin da aka binne ba ya nuna ciwonsa. Tsatsa kan ci ƙarfen daga waje, ta gefen da ke manne da ƙasa mai danshi, ko mahaɗin bututu ya saki, ko kuma a riƙa zubar da ɗan mai a bakin tankin duk lokacin da tanka ta zo sauke kaya. A sama kankare ne fes, motoci na shiga suna fita. Abin da kan fara tona asiri shi ne lissafi: man da aka sauke, da wanda aka sayar, da wanda sandar awo ta nuna, su ƙi haɗuwa wata bayan wata. Wani lokaci ma lissafin bai kai ga magana ba, sai maƙwabci ya zo ya ce ruwan rijiyarsa ya fara warin fetur. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Ɗigon da ake rainawa shi ke yin ɓarnar. Dokar tankunan ƙarƙashin ƙasa da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fitar a 1988 ta nemi na'urar awon tanki ta iya gano yoyon galan 0.2 a awa guda, wato kusan kashi uku cikin huɗu na lita. Ka lissafa shi a shekara, ya haura lita 6,600, kuma yoyon da bai kai haka ba yana iya wucewa na'urar ba ta ce uffan ba. Ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sinadarin benzin a ruwan sha a kan maikirogiram 10 a kowace lita (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), domin an tabbatar yana haddasa sankarar jini. Idan kashi 1 cikin 100 na fetur benzin ne, lita ɗaya na ɗauke da kusan giram 9, wanda a lissafi ya isa ya kai lita 880,000 na ruwa bakin wannan iyaka. Amurka kaɗai ta tabbatar da yoyo sama da 500,000 daga irin waɗannan tankuna, shi ya sa da yawa daga ƙa'idojin wannan aiki can aka fara rubuta su.

Da zarar zargi ya yi ƙarfi, abu biyu ba sa jiran shawara. A kwashe man da ke tankin, a daina amfani da shi har sai an gwada shi da bututansa. Sannan a ɗebi ruwan duk wata rijiyar sha da ke kusa a kai ɗakin gwaji, inda aka ji wari kuma a daina sha kafin sakamako ya fito. Bayan haka ne zaɓi ke tasowa. Za a kawo maka shawarar a haƙo ƙasa a gwada, ko a gina rijiyoyin sa ido, ko a zuƙo iskar cikin ƙasa, ko a auna wurin da lantarki daga sama ba tare da haƙa ba, ko a cusa sandar ƙarfe mai na'ura a bakinta. Kowace hanya tana da inda take gani da inda take makancewa. Bari in faɗi matsayina tun yanzu: rijiyoyin sa ido su ne ginshiƙi, babu hanyar da ke maye gurbinsu, amma gina su kafin a san inda man ya nufa lalube ne cikin duhu, kuma a nan ne kuɗi suka fi salwanta.

Inda man ke zuwa

Lita ɗaya ta fetur wajen giram 750 take, ta dizal wajen 840, ta ruwa kuwa 1,000. Saboda haka mai ba ya nutsewa. Yana barin tanki sai ya gangara ta cikin ƙasa, yana barin wani kaso maƙale tsakanin ƙwayoyin yashi kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Idan yana da yawan da zai kai fuskar ruwan ƙasa, sai ya shimfiɗu a wurin. Ruwan kuma ba a tsaye yake ba, da damina ya tashi, da rani ya sauka, yana goga man sama da ƙasa har a samu wata ɗamara ta ƙasa jiƙe da mai. Wannan ɗamara ita ce ke ci gaba da ciyar da gurɓata shekaru bayan an cire tankin.

Daga nan wani ɓangare ke narkewa cikin ruwa, musamman benzin da toluwin da etilbenzin da zailin, waɗanda ake haɗawa a kira BTEX. Ruwan na tafiya a hankali zuwa gangare, yana jan narkakkiyar gubar, ta yi jela gefe guda kamar hayaƙin da iska ke kaɗawa. Wani ɓangaren kuma ya zama tururi ya bi ƙofofin ƙasa ya yi sama. Ke nan mai ɗaya ya rabu gida huɗu: maƙalalle a ƙasa, kwantacce a kan ruwa, narkakke, da tururi. Duk hanyar da aka tallata maka, tambayar farko ita ce wanne daga cikin huɗun nan take gani.

Haƙo ƙasa a gwada

Wannan ce hanyar da kowa ke fara tunawa, kuma ita ce ke amsa tambayar inda tushen yake da yawan ƙasar da ta lalace. Ana huda ƙasa a kewayen tanki, da layin bututu, da gindin famfunan sayarwa, a ciro ƙasar a jere daga sama har a wuce fuskar ruwa. A nan take ake tantance ta da wata na'urar hannu da ake kira PID, mai fitila da ke gane tururin mai. Inda lambar ta yi sama, daga nan ake ɗiban wanda za a aika ɗakin gwaji. Ribar da ba a cika ambata ba ita ce, ƙwararre na kallon ƙasar da idonsa yana rubuta inda yashi ya ƙare, inda yumɓu ya fara, inda aka cimma ruwa. Duk sauran hanyoyin da wannan rubutu suke dogara.

Rauninta guda biyu ne. Ƙasa ba ta zama iri ɗaya, rami biyu da ke nesa da juna da taku uku suna iya ba da sakamakon da ya sha bamban, don mai na bin jijiyar yashi ya kauce wa yumɓu. Na biyu, ramin da aka haƙa ba ya maimaituwa. Ya ba ka labarin ranar da aka haƙa shi, amma ba zai gaya maka ko abin na ƙaruwa ko raguwa ba. Akwai kuma sakacin hannu. Benzin na gudu cikin iska da sauri, ƙasar da aka bari a buɗe a rana ko aka zuba a leda aka ɗaure ta riga ta yi asarar mafi yawan abin da ake nema. Daidai shi ne a yanko 'yan giram da sirinji mai yankakken baki, a jefa nan take cikin kwalba mai ruwan metanol, a rufe, a sa a ƙanƙara. Ita ma PID a yi mata adalci: danshi na rikita ta, ba ta bambance benzin da sauran 'yan uwansa, kuma da dizal lambarta kan fito ƙasa ko da ƙasar na ɗigar mai, domin dizal ba ya tururi sosai. Jagora ce zuwa inda za a ɗiba, ba a kafa hujja da ita.

Rijiyoyin sa ido

Rijiyar sa ido bututun roba ne siriri, galibi mai faɗin milimita 50, da ake sakawa cikin ramin da aka huda. Wani sashe nasa na da tsaga-tsaga kamar rariya, ana kewaye wannan sashe da wankakken yashi, a toshe samansa da yumɓun bentonayit mai kumbura, a ƙarasa da siminti, a sa murfi mai kulle. Ita kaɗai ce ke ba ka damar komawa wuri guda shekara da shekaru kana auna abu guda. Tana ganin man da ke kwance, tana ganin narkakke, kuma tana nuna inda ruwa ya nufa.

Sai dai tun ran gini ran zane. Rariyar dole ta ratsa fuskar ruwa, wani sashe a sama wani a ƙasa, da tsawon da zai ɗauki hawa da saukar ruwan a shekara. Mai haƙa rijiyar burtsatse ya saba nutsa rariya can ƙasa don a samu ruwa mai yawa mai kyau, wannan ne ƙwarewarsa. Idan aka bar shi ya yi haka a nan, man da ke yawo a sama zai wuce ta gefen bututu bai shiga ba, rahoto ya fito tas alhali wurin na cike da fetur. Mafi muni shi ne a huda shimfiɗar yumɓun da ke raba ruwan sama da ruwa mai zurfi ba a toshe da kyau ba. Rijiyar da aka gina don sa ido ta koma hanyar da guba ke bi ta sauka cikin ruwan da jama'a ke sha. Wannan kuskure yana ba ni tsoro fiye da kowanne, domin gyaransa ya fi na yoyon farko wuya.

Rijiya nawa? Ƙasa da uku ba sa nuna alƙiblar ruwa, kuma kada su zama a layi ɗaya. Mai safiyo ya auna tsayin bakin kowace, a auna zurfin ruwa a duka a rana guda, daga nan a fitar da gangaren. Kada a yarda da gangaren da ido ke gani a sama, domin burtsatsen da ake ja da famfo a kusa yana iya karkato ruwan ƙasa zuwa gare shi. Uku dai mafari ne. Ana bukatar ɗaya a sama da tankin don a san yadda ruwan yake kafin ya iso, wadda kuma za ta nuna ko wani gidan man ne ke turo nasa. Ana bukatar ɗaya a gindin tushen, wasu a tsakiyar jela, da aƙalla ɗaya mai gadi tsakanin ƙarshen jelar da rijiyar sha mafi kusa. Ranar da mai gadin nan ta nuna benzin, an samu lokacin ɗaukar mataki kafin ya kai bakin mutane.

Akwai wani abu da ke ruɗin mutane sosai. Kaurin man da ake aunawa cikin rijiya ba shi ne kaurinsa a cikin ƙasa ba, sau da yawa ya ninka shi, musamman a ƙasa mai laushi. Kuma yana sauyawa da ruwa. Da rani, in ruwa ya sauka, man da ke maƙale ya samu hanya ya tsiyayo cikin rijiya, kauri ya ƙaru, mai wurin ya ɗauka sabon yoyo ne. Da damina ruwa ya tashi ya danne shi a cikin ƙofofin ƙasa, rijiya ta nuna babu komai, a yi murna an gama. Duka biyun kuskure ne. Duk lambar da ba a rubuta ta tare da zurfin ruwan wannan rana ba, rabin labari ce.

Wajen ɗiban ruwan ma da zaɓi. Tsohuwar hanya ita ce a kwashe ninki uku na ruwan da ke tsaye a bututu da siririn guga, sannan a ɗiba. Tana da sauƙi, kayanta ba su da yawa, amma tana dama laka, tana kaɗa ruwan har benzin ya tsere, kuma tana tara gurɓataccen ruwan da dole a nemi inda za a kai shi. Ta biyu ita ce jan ruwa a hankali da ƙaramin famfo, tsakanin lita 0.1 da 0.5 a minti, ana duba zafi da oksijin da sauran alamu har su daidaita. Ita na fi amincewa da ita. Ta uku jakar leda ce cike da tsabtataccen ruwa da ake ratayawa a rijiya mako biyu ko fiye, BTEX ya ratsa ledar ya shiga. Tana da kyau ga sa ido na dogon lokaci, amma ba ta kama MTBE, wani sinadari da ake ƙara wa fetur don ya ƙone da kyau, yadda ya kamata. Ko wacce aka ɗauka, a tsaya a kanta. Sauya hanya a tsakiyar tafiya kan sa lambobi su yi tsalle ba don wani abu ya sauya a ƙasa ba. Kwalbar kuwa ta mililita 40 ce, a cika ta maƙil ba kumfar iska ko ɗaya, da ɗigon asid a ciki, a ajiye a sanyin digiri 4, a gwada kafin kwana 14. A sa kwalbar tsabtataccen ruwa guda ta yi tafiyar tare da su, don in an samu benzin a cikinta a san a hanya ya shiga.

Aibin rijiya shi ne tsada da jinkiri, kuma ita ma wuri guda take gani. Jelar fetur na iya zama siririya ta ratsa tsakanin rijiyoyi biyu. Sannan kada a ɗauke ta a matsayin mai gano yoyo tun farko. Dokar Amurka ta yarda da hakan ne kawai inda ruwa bai wuce ƙafa 20 daga sama ba, wajen mita 6, a ƙasa mai saurin wuce ruwa, da na'urar da ke gane kaurin mai na milimita 3. Ko a hakan, kafin rijiya ta yi magana mai ya riga ya kai ruwa, ihu ne bayan hari. Don gano yoyo, tanki mai bango biyu da na'ura a tsakanin bangwayen ya fi ta nesa ba kusa ba.

Iskar cikin ƙasa

Ana cusa siririn bututu mita ɗaya ko biyu, a toshe bakinsa, a zuƙo iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Akwai kuma 'yan kwalabe masu sinadarin tsotsa da ake binnewa kwanaki a tono. Da yake aikin ba shi da nauyi, ana iya jera wurare da dama a fili guda cikin kwana ɗaya ko biyu, a samu taswirar inda tururi ya fi yawa. Ga fetur a ƙasa mai yashi, ban san hanyar da ta fi wannan arahar nuna inda ya kamata a gina rijiya ba. Ga dizal, ko yumɓu jiƙaƙƙe, ko washegarin ruwan sama mai ƙarfi, kusan ɓata lokaci ce. In ba a toshe bakin ramin da kyau ba kuma, iskar waje za a zuƙo a auna.

Inda ba ta da abokiyar gasa shi ne maganar gidaje. Tururin fetur na kama wuta daga kusan kashi 1.4 cikin 100 a iska, kuma yana son hanya mai sauƙi: ramin bututun ruwa, ramin waya, magudanar ƙarƙashin ƙasa, ɗakin ƙasa. A ranar 22 ga Afrilu 1992, fetur da ya yoyo daga bututu ya shiga magudanun birnin Gwadalahara a Meziko, fashewar ta tsaga tituna ta kashe sama da mutum 200. Duk inda gini ke kusa da tanki, a auna iskar ƙarƙashin daɓensa da ta cikin magudanu, ko me rijiyoyi suka ce. Abin da ke kwantar da hankali shi ne bakteriyar ƙasa na cinye tururin mai in akwai oksijin. Jagorar da hukumar Amurka ta fitar a 2015 ta ɗauki ƙafa 6 na tsabtatacciyar ƙasa tsakanin gini da narkakken mai, ko ƙafa 15 in man kwance ne, a matsayin tazarar da galibi ke wadatarwa. Shi ya sa mai awon da ya san aikinsa ke auna oksijin da iskar kabon da mitan (iskar da bakteriya ke fitarwa inda babu oksijin) tare da benzin.

Awo daga sama da sandar laser

Awon lantarki, irin wanda ake yi kafin haƙa burtsatse, yana jan hankali domin ba a fasa kankare, kuma yana fitar da hoto mai launi. Ina ba da shawarar a yi hattara da hoton nan. Sabon mai na hana lantarki wucewa. Wanda ya daɗe kuwa, bakteriya sun ci shi sun fitar da asid, asid ya narkar da ma'adinan ƙasa, ruwan wurin ya koma mai saurin wuce lantarki. Ke nan gurɓata ɗaya na iya bayyana da fuska biyu masu karo da juna, yumɓu ma na iya kwaikwayon ta biyun. Ga kuma tankuna da bututun ƙarfe da rodin kankare da wayoyi, duk suna dagula awon a daidai wurin da aka fi bukatarsa. Na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa ita ma yumɓu jiƙaƙƙe na shanye siginarta. Amfaninsu na gaskiya shi ne gano tsohon tankin da aka manta, bin layin bututu, sanin zurfin dutse da inda yumɓu ya kwanta. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma wanda ya ce zai gaya maka maikirogiram nawa ne a ruwa daga awon sama, kada ka sa hannu a takardarsa.

Sandar da ake cusawa da injin ta fi kusa da gaskiya. Wata na haska laser ta wata 'yar taga, man da ke ƙasa ya mayar da haske, a ga kaurin ɗamarar santimita bayan santimita a allon kwamfuta. Wata kuma na da fata mai zafi da ke tsotso tururi. A yashi da laka, aikin kwana biyu da ita kan nuna abin da ramuka masu yawa ba za su nuna ba. Ta laser ba ta ganin narkakken benzin, dukansu ba sa huda dutse ko marmara mai tauri, kuma ba ko'ina ake samun injin da mai sarrafa shi ba. In wurin babba ne, yoyon ya daɗe, kuma ana shirin aikin tsabtacewa mai tsada, ta biya kuɗinta. Ga ƙaramin tanki guda, ramukan ƙasa da PID sun isa.

Yadda zan zaɓa

Ƙasar wurin da irin man su ke yanke hukunci. Fetur ne, yashi ne, ruwa na kusa: iskar ƙasa da farko, sannan ramuka, a mayar da mafi muhimmancinsu rijiyoyi a haƙa guda, kuma a yi sauri domin jela na gudu a yashi. Dizal ne: a tsallake iska, a dogara da ƙasa da rijiya. Yumɓu ne: man ba zai yi nisa ta cikinsa ba, amma zai bi ramukan bututu da aka cike da yashi, can za a nema. Ruwa na da zurfi ƙwarai: a fara bin man da ramuka a ga ko ya kai, a bar bututun iska a zurfi daban-daban, a taƙaita rijiyoyi. Dutse mai tsaga ne ko farar ƙasa mai kogo a cikinta: a nan awon lantarki ke da daraja don nemo tsagogin, kuma a faɗaɗa gwajin rijiyoyin sha, domin mai na iya ɓullowa inda ba a zata ba.

Rijiyoyin maƙwabta a gwada su, amma ba su zama madadin na sa ido ba. Buɗaɗɗiyar rijiya na barin benzin ya tsere, burtsatse kuma na gauraya ruwan sama da na ƙasa ya rage lambar. Hanci ma ba ma'auni ba ne. Toluwin da zailin kan yi wari kafin su kai iyakar lafiya, amma benzin a maikirogiram 10 ba ya wari, ba ya ɗanɗano.

A ɗakin gwaji kada a tsaya a kan jimillar mai kawai. A nemi BTEX ɗaya bayan ɗaya, a tambayi ƙaramar lambar da injinsu ke iya gani, domin in ta fi iyakar ruwan sha girma, kalmar "ba a samu ba" ba ta da ma'ana. Ga dizal a haɗa da naftalin da danginsa. Ga fetur a haɗa da MTBE, wanda ke narkewa fiye da benzin nesa ba kusa ba, yana tafiya kusan da saurin ruwa, bakteriya kuma ba sa cin sa da sauƙi. Shi ne ya sa birnin Santa Monika a Kalifoniya ya rufe rijiyoyin da ke ba shi kusan rabin ruwansa a 1996. In tankin tsoho ne tun zamanin fetur mai dalma, wanda sai a 2021 aka daina sayar da shi ga motoci a duniya baki ɗaya, a nemi EDB, sinadarin da ake haɗawa da dalmar a cikin fetur, wanda iyakarsa a Amurka maikirogiram 0.05 ce kacal a lita, kuma yana daɗewa a ruwa.

Kuskuren da na fi gani a kasafi shi ne a kashe komai a haƙa, a ɗebi ruwa sau ɗaya, a rufe fayil. Gara rijiya biyar da za a auna duk wata uku har shekara biyu da goma sha biyu da za a auna sau ɗaya. Zagaye takwas ne ke ratsa damina biyu da rani biyu, su ba da lambobin da za a iya sa wa lissafin Mann-Kendall a ga ko gubar na hawa, ko sauka, ko tsaye. A kowane zagaye a auna oksijin da naitiret da narkakken ƙarfe da salfet da mitan. Bakteriya na bukatar kusan miligiram 3 na oksijin don cinye miligiram 1 na BTEX, ruwa kuwa ba ya riƙe fiye da 8 ko 9 a lita, don haka a tsakiyar jela oksijin ke fara ƙarewa, bakteriyar su koma amfani da naitiret, sannan ƙarfe da salfet, a ƙarshe su fitar da mitan. Ganin wannan jeri tsakanin rijiyar sama da ta tsakiya shi ne shaidar cewa ƙasa na cin man da kanta. Binciken ɗaruruwan wurare a Kalifoniya da Teksas a shekarun 1990 ya nuna yawancin jelar benzin kan tsaya kafin ta wuce mita 100. Wannan bai shafi MTBE ba, bai shafi dutse mai tsaga ba, kuma ba ya aiki matuƙar tushen na ci gaba da zuba.

In an kai ga rufe aikin, rijiyoyin ba a barin su haka. Kowace a cire bututunta ko a cika ta da bentonayit da siminti daga gindi zuwa baki, a rubuta wurinta da zurfinta a ajiye tare da takardun filin, domin bututun da murfinsa ya fashe a harabar gidan mai ƙofa ce kai tsaye daga kankare zuwa ruwan ƙasa.